Hakin Rago: Daga Turken Iya a Kibiya Zuwa Ɗakin Gwaji na Babraham

Ragon da Iya ta turke domin Babbar Sallar 1998 bai ga ranar Sallah ba. Iya kakata ce ta wajen uwa, tana zaune a wani ƙauye kusa da Kibiya, ni kuwa a lokacin ina ɗan shekara takwas, an kai ni hutu wurinta. Wata biyar ta yi tana ɗawainiya da shi: harawar gyaɗa da safe, dusa da ɗan ruwan kanwa da rana, kowar wake da yamma. Fari ne sol, sai baƙi da ya kewaye idanunsa kamar an ja masa kwalli, ɗan ƙasa na asali. Tun bai bar turke ba aka kasafta kuɗinsa, domin da su za a cike kayan ɗakin ƙanwar mahaifiyata.

Saura kwana huɗu Sallah kawuna ya ɗaure masa ƙafafu, aka loda shi a bayan a-kori-kura tare da wasu raguna, aka nufi Rano inda ake sa ran zai fi daraja. Motar ta lalace a hanya, rana tsaka, a farkon watan Afrilu. Kawu ya ce da farko ragon numfashi yake yi da sauri, bakinsa a rufe. Can sai ya buɗe baki, ya zaro harshe, miyau na dalala. Kafin a gama gyara ya langaɓe. A bakin titi aka yanka shi don kada ya zama mushe, wani mahauci ya saye naman a kan abin da bai kai sulusin kuɗin da aka sa rai ba.

Maƙwabta sun yi ta zancen kambun baka. Iya ba ta bi su ba. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Kai dai angona, zafi ne ya hau masa ka." Sai da na shekara ashirin da wani abu kafin na gane cewa a duk ƙauyen ita ce ta fi kusa da abin da masana suka shafe ƙarni guda suna tona.

Abin da ya dawo mini da zancen ba mai nisa ba ne daga sana'ata. Rubuta manhajar kwamfuta nake yi, kuma wata rana na zauna na haɗa ɗan lissafi da zai jera mini ranakun Babbar Sallah a kalandar Turawa. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka layya tana ja da baya kowace shekara, sai ta yi kusan shekara 33 ta dawo inda ta faro. Daga 2004 zuwa 2008 a cikin hunturu aka yi ta. Daga nan ta ratsa kaka, ta shiga damina ta daɗe. Ta 2025 ta zo ranar 6 ga Yuni. Ta 2027 za ta faɗo tsakiyar Mayu, ta 2029 wajen ƙarshen Afrilu, ta 2031 kuwa farkon Afrilu, daidai inda ragon Iya ya faɗi, da ɗan bambancin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon ganin wata. Ma'ana, duk matashi ko matar auren da ta fara kiwon turke bayan shekara ta 2000 ba ta taɓa fitar da ragon layya kasuwa a tsakiyar bazara ba. Sun dai yi kiwo a cikin zafi, amma lodi da tafiya da tsayuwar kara, waɗanda su ne mafi haɗari, yanzu ne za su same su a watan da ma'aunin zafi a Kano yake taɓa digiri 40.

Tunkiya ba 'yar asalin Afirka ba ce. An fara kiwonta a yammacin Asiya sama da shekara dubu goma da suka wuce, ta shigo Afirka ta arewa maso gabas, ta bi makiyaya cikin Sahara a zamanin da take da ciyawa da tafkuna. Da hamada ta bushe, dabbobi suka gangaro kudu. Masu tonon tarihi sun sami ƙasusuwan shanu da na tumaki da awaki a Gajiganna ta ƙasar Barno, na mutanen da suka zauna wurin kusan shekara dubu huɗu baya. A wannan dogon zama zafi ya tace su. Shi ya sa tumakinmu gashi gare su, ba ulu ba, in ban da 'yan kaɗan irin na Masina a Mali da na bakin kogin Kwara a Nijar. Dubi Uda, mai rabin gaba baƙi ko ja da rabin baya fari: dogayen ƙafafu da suka ɗaga cikinta daga ƙasa mai zafi, da manyan kunnuwa masu reto. Dubi Balami, farar tunkiyar Barno mai girman jiki. Sai 'yar ƙasa, matsakaiciya, wadda ta fi kowace yawa a Nijeriya, wadda har Turawan binciken dabbobi suka ɗauki sunanta na Hausa suka rubuta a littattafansu.

A Rano da Kibiya 'yar ƙasa ce tunkiyar gida. An fi sanin Rano a tarihi da kasancewarta ɗaya daga Hausa Bakwai, da kuma laƙabin da ta raba da Kano na sarakunan baba, wato rini. Amma a ƙarƙashin labarin sarauta akwai wani tsari na noma da kiwo da ya riƙe jama'a shekaru aru-aru. Da damina ana ɗaure bisashe a gida don kada su yi ɓarna, a yanko musu ciyawa. Bayan girbi a sake su su bi gonaki su ci karmami. Takin da ya taru a turke a kwashe shi a mangala, jaki ya kai gona. Ƙananan dabbobin kuwa yawancinsu na mata ne. Su ne asusu, su ne abin da ake fasawa in biki ko rashin lafiya ya taso. Kuma a cikin wannan tsari akwai maganin zafi da ba wanda ya rubuta. Gawo, itacen da yake zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, yana ba da inuwa daidai lokacin da ake neman ta, ya kuma zubo 'ya'yan da tumaki suke so. Ga ɗorawa, ga tsamiya. A cikin gida rumfar kara ce ko ta zana, iska na ratsa ta ko'ina. Ba a kora dabba kasuwa sai da sanyin asuba, a ƙafa, ana tafe ana hutawa.

Ana yi wa tunkiya kirari da uwar tamɓele, kuma babu abin da ya fi ja mata sunan wauta irin yadda garke yake cunkushewa da tsakar rana, kowace ta soke kai ƙarƙashin cikin 'yar'uwarta. Ni ma na daɗe ina ganin wauta ce. Ashe inuwa suke nema wa kai, suna kuma ɓoye hanci daga wani ƙuda da yake zuba musu tsutsa a ciki, irin wadda akan tarar in an fasa kan rago.

To, me ke faruwa a cikin kan?

Zafin jikin tunkiya mai lafiya yana wajen digiri 39, ko da hunturu ko da bazara. Ba ita take yanke shawarar riƙe shi a nan ba, kamar yadda kai ma ba kai kake umartar zuciyarka ta buga ba. Akwai rukunin ayyukan jiki masu tafiyar da kansu: bugun zuciya, buɗewa da tsukewar jijiyoyin jini, gumi, miyau, motsin tumbi, makyarkyata, haki. Tun farkon ƙarni na 20 masana suka fara zargin cewa wani ɗan yanki a gindin ƙwaƙwalwa, haifotalamas, shi ne mai kula da zafi. A 1938 Horace Magoun da abokan aikinsa a Amurka suka ɗumama gaban wannan yanki a kan kyanwa, sai ta kama haki alhali ɗakin ba zafi. An gano wurin ke nan. Abin da ya rage shi ne harshen da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke magana da shi a wurin.

An riga an san cewa jijiyoyi da sinadari suke miƙa wa juna saƙo. A kan haka Otto Loewi da Henry Dale suka sami kyautar Nobel a 1936. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki da Dale shi ne Wilhelm Feldberg, Bayahuden Jamus da aka kora daga aiki a Balin a 1933, ya koma Ingila. A 1963 shi da wani Ba'amurke, Robert Myers, suka zura siririn bututu cikin kogon ruwan ƙwaƙwalwar kyanwa a Landan, suka ɗiga sinadaran da ƙwaƙwalwa take amfani da su da kanta. Sirotonin ya sa kyanwa makyarkyata, zafin jikinta ya hau. Noradiranalin ya sauko da shi. Magana ta yi kyau ƙwarai: sinadari ɗaya na ɗumamawa, ɗaya na sanyayawa, zafin jiki kuwa daidaiton da ke tsakaninsu ne.

Tunkiya ce ta ɓata lissafin. A wani ƙauye mai suna Babraham, kusa da Kembirij, a wancan lokacin akwai cibiyar binciken jikin dabbobin gona, kuma a can John Bligh ya maimaita gwajin a kan tumaki. A 1966 ya ba da rahoton cewa sirotonin, wanda ya ɗumama kyanwa, haki yake sa tunkiya, zafinta ya sauka. Wasu masu binciken suka ga irin wannan saɓani a zomo da akuya. Aka shiga ruɗu: ko dai kowace dabba da nata harshen, ko kuma akwai abin da ba a sa a lissafi ba.

Abin da Bligh ya yi daga nan shi ne ya burge ni, domin irin abin da ƙwararren mai neman kuskure a manhaja yake yi ne. In manhaja ta ba ka amsa biyu mabambanta a kan tambaya ɗaya, ba ka tsayawa zagin na'ura. Sai ka tambayi kanka wane hali take ciki lokacin da tambayar ta iso. Bligh da Cottle da Maskrey suka sa tumaki da awaki da zomaye a ɗakin da ake iya sauya wa yanayi, suka yi kowane gwaji a cikin sanyi, a matsakaicin yanayi, da kuma cikin zafi, suna auna saurin numfashi, da ɗumin fatar kunne, da makyarkyata, da zafin can cikin jiki. A 1971 suka buga sakamakon.

Sirotonin kullum gefen sanyaya jiki yake ja, amma hanyar da yake bi ta danganta da ɗakin: a cikin zafi ya ƙara haki, a cikin sanyi ya rage makyarkyata. Asitilkolin da sinadaran da suke kwaikwayonsa kishiyar haka suke yi: a cikin sanyi su ƙara makyarkyata, a cikin zafi su danne haki. Noradiranalin ne ɗan ba-ruwana, wanda ya tarar yana aiki shi yake kashewa. In tunkiya tana haki saboda zafi, ya tsayar da hakin, jikinta ya ƙara zafi. In tana makyarkyata saboda sanyi, ya tsayar da ita, jikin ya ƙara sanyi. Sinadari ɗaya, adadi ɗaya, dabba ɗaya, amma ya haifar da abu da kishiyarsa, ya danganta da ko hunturu ne a ɗakin ko bazara.

Bligh ya zana wannan a matsayin layi biyu. Ɗaya ya taso daga masu jin zafi ya nufi masu zubar da zafi, ɗayan ya taso daga masu jin sanyi ya nufi masu haifar da zafi, kuma kowane layi yana da reshen da yake tsallakawa ya danne ɗan'uwansa. Ranar da na fara ganin zanen a littafinsa na 1973 dariya na yi, domin ya yi kama da abin da aka koya mana a aji biyu na jami'a kan ƙofofin lantarki. Abin lura a zanen shi ne babu inda aka ajiye lambar 39. Ba kamar na'urar sanyaya ɗaki ba ce da ake danna mata lamba ta riƙe. Digiri 39 shi ne kawai inda ja-in-jar layukan biyu take tsayawa. Masana na baya sun soki gwaje-gwajen wancan zamani da cewa sinadarin da ake zubawa ya yi yawa, kuma yana bazuwa wuraren da ba a nufa ba, ni ma ina ganin sukar tana da tushe. Yau da ɓeraye da dabarun sarrafa ƙwayoyin gado ake wannan bincike, har an kai ga ware ainihin ƙwayoyin da suke jin ɗumi a haifotalamas a 2016. Sai dai darasin da tunkiya ta koyar ya tsaya: ba a fassara abin da ke cikin ƙwaƙwalwa sai an san zafin da ke waje.

Tumakin Babraham masu ulu ne, na ƙasar ruwan sama da hazo. Namu kuwa a Zariya aka auna su. Gonar gwajin dabbobi ta Shika, wadda aka buɗe a 1928, ita ce ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976, kuma tun farkon shekarun 1980 likitocin dabbobi na jami'ar suke bin zafin jikin 'yar ƙasa daga hunturu zuwa bazara zuwa damina. Abin da ya yi ta fitowa shi ne hunturu ma ba hutu ba ne a wurinta. Da asuba jikinta ya yi ƙasa saboda sanyi, da la'asar ya yi sama, wato a yini ɗaya layukan Bligh duka biyu sai sun yi aiki. Wanda ya taɓa ganin ɗan tunkiya ya takure a gindin danga da safiyar Janairu ya san haka ba sai an faɗa masa ba.

Yanzu bari mu koma kan kan da Iya ta ambata. In an yi layya an babbake kai an sara shi biyu, a tsaya a duba cikin hanci kafin a jefa a tukunya. Za a ga wasu siraran ƙasusuwa a nannaɗe kamar takardar da aka murɗa, an lulluɓe su da jan tantani mai danshi. Wannan ita ce randar tunkiya. Yadda ruwan da yake tsattsafowa ta jikin randar ƙasa yake bin iska ya tafi da zafi, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunyarsa mai tukunya a ciki har ya ci kyautar Rolex a shekara ta 2000, haka danshin hancin tunkiya yake sanyaya jinin da ke bi ta ƙarƙashinsa. Tunkiya ba ta da gumi mai yawa irin na mutum ko doki, saboda haka haki ne babban makaminta. Numfashin da ba ya wuce ashirin zuwa talatin a minti ɗaya in tana hutawa yakan haura ɗari biyu in zafi ya matsa, ɗan sama-sama, don iska ta yi ta kai da kawo a hanci.

Jinin da ya huce a hanci yana taruwa a wani ɗan kududdufi a gindin ƙoƙon kai. Ta cikin kududdufin nan babbar jijiyar da take kai jini ƙwaƙwalwa take wucewa, amma kafin ta wuce sai ta rarrabu zuwa ɗaruruwan ƙananan jijiyoyi kamar raga, sannan ta sake haɗewa. Wannan raga tana da nata tarihin. Jalinusu, likitan Girka na ƙarni na 2, ya gan ta a kan dabbobin da yake feɗewa, ya ɗauka mutum ma yana da ita, likitocin Larabawa da na Turai suka gaji maganar sama da shekara dubu, har sai da Vesalius ya fito fili a 1543 ya ce babu ita a kan ɗan Adam. Amfaninta a tunkiya kuwa sai a 1968 Mary Ann Baker da James Hayward suka nuna shi a Kalifoniya: jini mai zafi da ya taso daga zuciya yana sauke zafinsa a cikin kududdufin kafin ya shiga ƙwaƙwalwa, har ƙwaƙwalwar takan fi sauran jiki sanyi.

Shekaru da yawa an ɗauka kariya ce kawai ga ƙwaƙwalwa don kada ta dahu. Masu bincike a Jamus da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu suka zo da wata fassara da na fi gamsuwa da ita. Tun da haifotalamas da zafin jinin da ya iso gare shi yake yanke hukunci, in aka miƙa masa jini mai sanyi sai ya ɗauka lamarin bai tsananta ba, ya rage haki, ruwan jiki ya yi saura. Sun nuna cewa tunkiyar da ƙishirwa ta kama ta fi yawan sanyaya ƙwaƙwalwarta. Wato jiki yana rage wa mai gadinsa labari don a yi tattalin ruwa. Sun kuma lura cewa in dabba ta firgita ko tana gudu, jijiyoyin tashin hankali sukan karkatar da jinin hanci ya bi wata hanyar, sanyayawar ta tsaya. Ka tuna da rago a ɗaure a bayan mota, ga ƙara, ga jijjiga, ga baƙin raguna sun danne shi.

Akwai wani gwajin da ya shafi raguna musamman. A farkon shekarun 1960, a Ostareliya, Geoffrey Waites ya ɗumama fatar marainan rago kaɗai, bai taɓa sauran jikin ba. Ragon ya kama haki ba ƙaƙƙautawa har zafin jikinsa ya faɗi da kusan digiri 2. Wurin cike yake da masu jin zafi, saboda maraina sai sun fi jiki sanyi da 'yan digiri kafin su yi iri mai kyau. Irin rago yakan ɗauki kusan mako bakwai kafin ya nuna, don haka zafin mako ɗaya a Afrilu yana iya sa tumaki su ƙi ɗaukar ciki har Yuni, mai su yana ta zargin matan.

In aka tattara waɗannan, ana iya karanta labarin Kawu ɗaki-ɗaki. Ragon turke ya fi kowace dabba a gida haɗarin zafi. Kitse bargo ne. Tumbinsa kuwa tukunya ce da take kan wuta kullum, domin ƙwayoyin da suke narkar da harawa da dusa zafi suke fitarwa, kuma Iya ta cika masa ciki da safe don ya yi kyan gani. An kwantar da shi a kan ƙarfe, ciki da maraina a manne da shi. Ba ruwa. Numfashin sauri da baki a rufe shi ne matakin farko, randa tana aiki. Buɗe baki da zaro harshe mataki na biyu ne: numfashi ya koma mai zurfi, iska ta bar bin hanci sosai, huhu yana fitar da iskar kabon fiye da kima har sinadaran jini su rikice, ga tsokokin ƙirji su ma suna ƙara zafi da wahalar da suke sha. Idan zafin jiki ya kai wajen digiri 42, abin da ya rage kaɗan ne.

Na sha ganin ana narka farasitamol a ɗura wa ragon da zafi ya buge. Wannan ma tarihin yana da amsarsa. A 1970 Milton da Wendlandt suka nuna cewa wani sinadari, furostagilandin, in ya shiga ƙwaƙwalwa zazzaɓi yake kawowa, bayan shekara ɗaya kuma John Vane ya gano cewa asfirin hana yin sinadarin yake yi. A zazzaɓi ƙwaƙwalwa ce da kanta take matsar da ja-in-jar zuwa sama, shi ya sa mai zazzaɓi yake rawar ɗari jikinsa na zafi, kuma shi ya sa ƙwaya take saukar da shi. Ragon da rana ta buga ba haka yake ba. Ƙwaƙwalwarsa ta riga ta buɗe duk ƙofofin zubar da zafi, sun kasa ne. Ba abin da ƙwaya za ta gyara. Inuwa yake so, da iska, da ruwan da za a kwara masa a ƙafafu da ciki da wuya, wanda yake aiki sosai a tumakinmu tun da ba ulun da zai riƙe ruwan, sannan a ba shi ya sha kaɗan-kaɗan in ya farfaɗo.

Abin da ya fi damuna shi ne 2031 ba za ta tarar da Kibiyar 1998 ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, dusar shinkafa da sauran abincin dabbobi suka yawaita, kiwon turke ya tashi daga rago ɗaya na tsohuwa ya zama sana'ar samari masu goma ko ashirin. Ido ya koma kan manyan raguna, Balami da 'yan Sudan, waɗanda girmansu yake sa zafi ya daɗe bai fita daga jikinsu ba. Rumfar kara ta koma ta kwano, ƙasa-ƙasa, an kewaye ta da bulo saboda ɓarayi, an dafe ƙasan da siminti. Gawo ya ragu a gonaki. Ga kuma zafin da kansa: a ranar 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5, a guguwar zafin da ta ratsa Sahel har mu ma muka ji a jikinmu. Layyar watan Mayu tana da nata sharrin dabam, domin a lokacin iskar bazara ta fara shigo da laima alhali ruwa bai sauka ba. Randa ba ta sanyi in iska ta jiƙe, haka ma hancin tunkiya.

Iya ta rasu da daɗewa. Turkenta yana nan, yanzu matar ɗan kawuna ce take kiwo a wurin, raguna huɗu ƙarƙashin kwano. Da na je na bar mata ɗan ma'aunin zafi na ɗaki, muka rataye shi a jikin azara daidai tsayin bayan rago, na ce ta riƙa duba shi da azahar tana ƙirga numfashin babban a minti ɗaya. Ta ce, "Yaya, ai ba sai na ƙirga ba, da na leƙa nake ganewa." Duk da haka ta ɗauki hoton ma'aunin ta turo mini ta WhatsApp bayan kwana biyu. A makon da ya biyo baya mijinta ya yanko kara ya shimfiɗa a kan kwanon, ya fasa layi biyu na bulo ta gabas da yamma, suka kuma mayar da babban cin dusa zuwa bayan magariba.